Lorna Mai Raɗa wa Labari Suna

A danginmu, in ka ji an ce "mai jarida", to Goggo Lorna ake nufi. Yara suna ɗauka laƙabin girma ne. Manya sun san ba haka ba ne, shi ya sa in an faɗa a gabanta sai su kau da ido, ita kuma ta shiga gyaran hularta kamar ba da ita ake ba.

Ita ce ta tsakiya a 'ya'yan Inna Maudie da suka rayu. Coral ce babba, sai ita, sai autansu namiji, wanda ba za a rubuta sunansa a nan ba. Ya rasu, kuma har yau tsofaffi ba su saki sunan ba. Kumanjayi za mu ce, kamar yadda muke ce wa duk wanda ya tafi, har da masu ran da suka yi rashin sa'ar zama takwarorinsa. Sunan mamaci ba ya fita daga bakin kowa sai danginsa sun huce sun ba da izini, don kiransa fama miki ne ga masu rai, kuma yana hana shi tafiya salin-alin.

Abin takaicin shi ne, da iya suna aka san Lorna. Tun tana yarinya a unguwarmu ta bayan garin Minyarra, in ta raɗa wa abu suna, ya zauna ke nan. Akwai wani jan kare da ke bin murhu-murhu, ya shinshina kowace tukunya, ya yi gaba bai tsinana komai ba. Ta sa masa Gwamnati. Motar kawunsu kuwa, wadda ta shekara a kan duwatsu babu tayoyi, Gobe ta sa mata, don kullum gobe za a gyara ta. Mutumin ya yi faɗa har ya gaji. Daga baya shi da bakinsa aka ji yana korar yara yana cewa, "Ku sauka daga kan Gobe, 'yan banza!"

Da ta bar makaranta sai ta samu aikin naɗe jarida a wurin Tsoho Kev, wani Bature mai jan hanci. Shi ne editan jaridar garin, shi ne mai ita, shi ne kuma mai sharar ofis in ba kowa. Wani mako ƙishi ya koro wani raƙumi daga daji har cikin harabar kotu ana tsakiyar shari'a, ya fasa famfo. Kev ya zauna yana tauna fensir, can ya rubuta: "An samu matsalar dabbobi a harabar kotu."

Lorna tana bakin ƙofa rungume da tulin takardu, ta ce ƙasa-ƙasa, "Raƙumi ya kai kansa kotu, alƙali ya fita ta taga."

"Me kika ce, yarinya?"

"Ban ce komai ba, Baba Kev."

"Kin ce mana. Sake faɗa, kunnen nan na hagu ado ne kawai."

Ta sake faɗa. Ya cire fensir daga baki ya dube ta. "Da gaske ta taga ya fita?"

"Yaya Coral ta gan shi, tana shara a can. Har takalmi ɗaya ya bari."

"To in gaskiya ne, ya shiga."

Kafin rana ta yi tsaka ranar Juma'a babu jarida ko ɗaya a shago. Tun daga nan ya ba ta kujera kusa da tasa. Wasu su rubuta labari, ita ta raɗa masa suna. Karatun da ya ba ta bai da yawa. Ya ce kan labari sallama ce a ƙofar gidan mutane: kada ta yi ƙarya a ciki, kada ta yi ihu, kada kuma ta daɗe a tsaye. In an yi rasuwa a cikin mutanenmu 'yan asalin ƙasar nan kuwa, ba ya buga ko harafi sai ya tura ta ta tambayi dangi me za a kira mamacin. Ba wai ya fi sauran Turawa kirki ba ne. An taɓa farfasa masa gilashin mota ne a kan haka, tun kafin a haifi Lorna, ya kuwa riƙe karatun da kyau.

Inna Maudie ba ta iya karatu ba. Duk Juma'a Lorna takan kawo jarida gida, a dafa shayi a gwangwani, a tono burodi daga toka, ta riƙa karanto manyan baƙaƙen kawai. Inna na jin ɗaya za ta ce, "Wannan naki ne." Ta ji wani ta taɓe baki. "Wannan na Kev ne, ba gishiri." Ba ta taɓa yin kuskure ba. Lorna ta yi aure, mijin ya bi aikin gyaran hanya zuwa arewa bai dawo ba, ba ta haihu ba, ta goya 'ya'yan Coral, furfura ta fara fito mata, amma zaman Juma'ar nan bai taɓa yankewa ba. In akwai abin da take taƙama da shi a duniya, to kunnen uwarta ne da ke gane muryarta a cikin tawada.

Shi kuwa Kumanjayi ɗan ƙwallo ne, irin ta ƙasarmu da ake cafewa da hannu. Yana saurayi yakan taka kafaɗar mutum ya haura sama ya cafe ƙwallo, sai ka rantse da igiya aka ja shi. Wata babbar ƙungiya a birnin Adelaide ta ɗauke shi, aka riƙa nuno shi a talabijin, garin nan kaf ya taru a gidan mai yana kallo. Ba a je ko'ina ba gwiwa ta karye. Suka sallame shi, ya dawo da ɗingishi da kwalba. Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa, kuma ba wanda ya manta da su. Amma ya daina. Rana ɗaya ya ajiye, bai sake taɓawa ba har 'ya'yan da aka haifa a lokacin suka yi gemu. Ya kama tuƙin motar da ke kai masu ciwon ƙoda wanki a birni, da yamma kuma ya koya wa matasa ƙwallo.

Yakan leƙo ofis ta taga ya ce, "Yaya, wai yaushe za ki sa ni a shafin farko? Raƙumi ma kin sa."

"Raƙumi ya fi ka wanka. Ranar da ka wanke rigar nan zan sa ka, don labari ne babba."

"Za ki neme ni ne, 'yar baƙin ciki. Kawo biskit ɗin Kev in tafi."

Da ƙarfin Kev ya ƙare, ya sayar da jaridar ga wani kamfani a birnin Darwin ya koma wurin 'yarsa a bakin teku. Aka kwance injin bugawa aka loda a mota. Jarida ta koma intanet. Ofis ya rage daga Lorna sai kwamfuta sai fanka, sai kuma Tamsin, sabuwar editar, wadda ba ta kai shekarun 'yar Coral ta fari ba, kuma ba a ganinta sai a fuskar kwamfuta, kullum da kofi a hannu.

Yarinyar ba ta da mugunta, wannan dole a faɗa. Aikinta ta sani, shi ta koyar. Ta ce, "Anti Lorna, yanzu ba mai zama da jarida a cinya. Yatsa ne ke wucewa. In ba ki tare shi a ƙiftawar ido ba, ya tafi. Kuma yawancin masu karanta mu ba 'yan garinku ba ne, nema suka yi suka faɗo kanmu. Mutum in zai nemi labari, me yake rubutawa? Suna. Sunan mutum, sunan gari. Don haka suna ne farko, sai abin da ya faru, a taƙaice."

"To raƙumina fa?"

"Raƙuminki ya ba ni dariya, Anti. Amma ba wanda zai zauna ya nemi raƙumi a kotu."

Sannan ga ƙa'idar gida biyu. Kowane labari take biyu ake yi masa, kowanne da gurbinsa. Injin kwamfuta ya nuna wa wasu masu karatu na farko, wasu na biyu, ya ɗan saurara, wanda aka fi latsawa shi ne ya ci. Sai ya goge ɗayan, ya aika wanda ya ci zuwa wayoyin jama'a.

Da farko Lorna ta riƙa tsaki. Takan sa irin nata a gurbin farko, ta sa irin na Tamsin a na biyu don a gani. Aka kuwa gani: nata ya sha ƙasa, ya sake sha, ya sake sha. Abin ya ci mata rai, don ba ta saba a kayar da ita a fagenta ba. Sai ta zage ta koyi halin injin kamar yadda ake koyon halin miji mai wuyar sha'ani. Ta gano yana son suna, yana son haɗari, yana son abin da zai sa gaban mutum ya faɗi. Ta gano yadda za ta ba shi duk wannan ba tare da ta yi ƙarya ba. Kafin shekara ta zagayo, duk masu irin aikinta a sauran garuruwa ta wuce su, har Tamsin na tura musu nata don su kwaikwaya. Akwai wani layi a gefen kwamfutar da ke hawa in ana buɗe labari. Lorna ta zama ko abinci take ci ido na kansa.

Coral takan ce, "Ke dai an yi miki sabon miji. Wancan ya gudu arewa, wannan kuma a bango yake a jone."

"Wannan aƙalla yana gaya mini in na yi daidai, Yaya."

"Yana gaya miki abin da baƙi ke so dai. Da can in kin rubuta, a layin shago muke dariya. Yanzu wa kike ba dariya? Wani ƙato can a birnin Sydney yana zaune a bayan gida."

A lokacin idon Inna ya fara dushewa, kuma ba takardar da za a kawo ranar Juma'a. Lorna ta saya mata waya, ta saita ta yadda duk babban labarin da inji ya aiko, wayar za ta yi ƙara ta karanta kansa da murya, har sau biyu, don kunnen ma ya fara nauyi. Inna ta sa wa muryar suna Baturiyar Jaka, tunda a jakarta take kwana. Tana alfahari da ita, duk baƙon da ya zo sai an sa shi ya saurara. Sai dai wata rana ta ce, "Lorna, yanzu ban iya gane naki. Duk bakin Baturiyar nan ne." Lorna ta yi dariya ta ce zamani ne. Maganar ta dame ta, amma ba ta nuna ba.

A tsakiyar zafi aka yi rasuwar. Kumanjayi ya kai marasa lafiyarsa birni, yana dawowa shi kaɗai taya ta fashe. Yana cikin canza ta a ranar nan mai narka kwalta zuciyarsa ta tsaya. Wani matafiyi ne ya tarar da shi, ya kira 'yan sanda, amma sai da ya ɗauki hoto tukuna. A gefen hoton akwai tsofaffin gwangwanayen giya, irin waɗanda ke zube a kowane gefen hanya, har sun yi tsatsa.

Dangi suka bar gidajensu suka fita bayan gari zaman makoki, mata gefe, maza gefe, a ƙarƙashin rumfunan ganye. Aka yanke gashi, aka shafa farar ƙasa. Inna da matar mamacin suka rufe baki kamar yadda aka saba, ba magana sai da hannu, har ranar da za a buɗe musu. Lorna ta zauna tare da su, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, don ita ta goya shi. Bayan 'yan kwanaki ta shiga gari sayen fulawa da ganyen shayi, ta ce bari ta leƙa ofis ta kashe fanka.

Da ba ta kunna kwamfutar ba, da ba a yi wannan labarin ba.

Wani shafin labarai na kudu ya riga ya ɗauka. Ga sunan ƙaninta ɓaro-ɓaro a sama, ga hoton, ga gwangwanaye. Sun ce tsohon tauraron ƙwallo da giya ta ɗaiɗaita an tsinci gawarsa a gefen hanya. A ƙasa mutane sun yi ta zuba albarkacin bakinsu. Wani ya ce halinsu ke nan, ko ka ba su duniya a kwalba za su ƙare. Wani ya ce shi ya san za a rina. Wasu ma tausayi suka nuna, kuma tausayin ya fi zagin ciwo. Ta karanta har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ita da ba ta rubuta labari sai kansa, ranar ta rubuta da kanta. Ta faɗi gwiwar, ta faɗi kwalbar ba ta ɓoye ba, ta faɗi ranar da ya ajiye. Ta faɗi tsofaffin da yake ɗauka a hannu ya sa a mota, da yadda yake tsayawa a hanya su sauka su kalli ƙasarsu. Ta faɗi abin da likita ya gani. Sannan ta kira Tamsin.

"Wayyo Anti Lorna, sannu. Ba sai kin yi aiki ba, ki koma wurin danginki."

"Karanta dai, 'yata."

Yarinyar ta karanta, ta share ido da bayan hannu. "Wannan ya fi duk abin da muka taɓa bugawa. Me za ki sa masa?"

"Kumanjayi. Me kuwa zan sa?"

"Daidai ne. Ke kika san al'adarku, ni ba zan ce ki saɓa ba." Ta ajiye kofinta. "Amma kada in rufe ki. Duk wanda ya rubuta sunansa yana nema, nasu zai gani. Naki ba zai fito ba, don inji bai san su mutum ɗaya ba ne. Yau haka, bayan shekara goma ma haka. In jikokinsa sun nema, gwangwanayen nan za su tarar."

Tamsin ta tafi, fuskar kwamfuta ta koma gurabe biyu, fari fat. A na farko Lorna ta rubuta: "Kumanjayi, direban marasa lafiya, ya rasu a bakin aiki." Ta daɗe tana kallon na biyu. Ta san gurbin zai karɓi duk abin da ta zuba, ko da na farkon ta maimaita. Amma kalaman mutumin nan na "halinsu ke nan" sun ƙi barin kanta. Ta ce a ranta, ai rubutu ba magana ba ce, ido ba baki ba ne. Tsofaffi ba sa karatu, matasa in sun gani za su yi shiru. Ta ce kuma, ai ba ita za ta zaɓa ba, inji ne. Wataƙila ma na farkon ya ci.

Ta fi kowa sanin ba zai ci ba. Ita ce fa gwanar injin.

Ta sa sunan a farko, yadda aka koya mata, sannan: "bai mutu mashayi ba, daga kai marasa lafiya wankin ƙoda yake." Bai yi tsawo ba, ba ƙarya a ciki, kuma duk wanda ya gani sai ya tsaya. A duk rayuwarta ba ta taɓa raɗa wanda ya kai shi ba. Ta latsa, ta kashe fanka, ta ɗauki buhun fulawa. A hanya tana ta tunanin mutanen Adelaide da na Sydney, yadda kunya za ta kama su. Duk duniya ta tuna, ban da jakar uwarta.

Ta iso da hantsi. Mata suna zaune a inuwa, an ɗan lafa da kuka, ana gasa wutsiyar kangaru, naman dajinmu mai tsalle, a rami don baƙin da suka zo daga nesa. Coral ta karɓi fulawa tana mita. "Sai yanzu? Mun ɗauka kin je ki noma alkamar ne." Lorna ta zauna kusa da Inna, kafaɗa na gugar kafaɗa. Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe.

Sai jakar ta yi ƙara.

Lorna ta san ƙarar, ita ta zaɓe ta. Ta zabura, amma jakar na ƙarƙashin cinyar Inna, an ɗaure bakinta tam. Baturiyar Jaka ta yi gyaran murya ta ce, "Babban labari daga Minyarra," sannan ta faɗi sunan. Cikakke, nasa da na ubansa, da muryar nan tata mai daɗi kamar tana tallan sabulu, a tsakiyar mata masu farar ƙasa a jiki, a kunnen uwarsa da matarsa.

Wuri ya yi tsit, har ana jin kitse na ɗiga a wuta. Lorna na kokawa da igiyar jaka, ƙullin ya ƙi kwancewa. Wayar ta ɗan numfasa, ta sake faɗa, kamar yadda aka saita ta.

Matar mamacin ta kifa da fuska a ƙasa tana dukan kanta. Kuka ya ɓarke sabo, ya fi na ranar farko, har maza suka miƙe daga can gefensu. Coral ta fizge jakar, ta zazzage, ta maka wayar a kan dutse har sai da ta yi shiru. Sannan ta juyo.

"Ke Lorna. Da hannunki?"

"Yaya, ki saurare ni. Zaginsa suke yi. Sun ce giya ce ta kashe shi, sun sa hoto..."

"Su wa? Nuna mini ɗaya a nan. Duba, ga mu nan duka, wa ya ce giya ce? Su wa ke zaginsa? Sun san shi? Sun goya shi? Sun wanke masa amai lokacin da yake sha?"

"Don jikokinsa na yi, in sun nema..."

"Jikokinsa ga su can suna kuka. In suna son sanin kakansu mu za su tambaya, ba bango ba."

"Biyu na rubuta, Yaya. Inji ne ya zaɓa."

Coral ta yi wata dariya marar daɗi. "Inji. Inji ne ya sha nono ɗaya da shi?"

Inna ta laluba gefenta ta ɗauko sandarta ta tono. Mata suka ja baya. Lorna ta ji wani sanyi-sanyi a ranta, don a wurinmu in an yi babban laifi aka fasa maka kai, jini ya zuba, to magana ta ƙare, gobe da kai za a ci abinci. Ta durƙusa ta cire hula ta miƙa kanta. Tsohuwar ta ɗaga sandar, ta daɗe riƙe da ita a sama. Sai ta sauke ta a hankali ta ajiye a ƙasa. Ta ɗaga hannu ta yi alamar da ake yi wa matafiyin da ya ɓace ya faɗo cikin mutane: ga hanya can. Ta juya baya.

Ranar da aka zagaya gari da rassan ganye ana share sawun Kumanjayi, daga gidansa zuwa filin ƙwallo zuwa tagar ofishin jarida, kowace mace a dangi an miƙa mata reshe. Lorna tana ciki tana kallo ta labule, ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Labarin kuwa ya tafi. Layin nan na gefen kwamfuta ya hau har ya ƙure. Ta roƙi Tamsin a cire sunan, aka cire nan take, yarinyar tana ta ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, wasu shafuka sun kwafa sun yaɗa. Shafin kudu ya sauke hoton gwangwanaye ya gyara maganarsa shiru-shiru. Tsofaffin abokan ƙwallonsa suka aiko da furanni. Yau in ka nemi sunansa, abin da Lorna ta rubuta shi ne a sama. Ta samu abin da ta nema, a wurin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. A ƙarshen shekara kamfani ya aiko mata da wani allon yabo mai gilashi. Yana bayan ƙofar ofis, fuskarsa na kallon bango.

Da lokaci ya yi aka buɗe wa Inna baki. Ta yi magana da kowa, ta kira kowa da sunansa, har karnuka. Lorna ta zo ta tsaya daga nesa da ledar shayi da sukari. Tsohuwar ta ji takunta, don ba ta taɓa kasa ganewa ba, ta ce, "Coral, mai jarida ta zo. A ba ta wurin zama."

Tun daga ranar sunan ya zauna. A gidan nan dama an iya raɗa suna.

Har yanzu tana aikin, don ba ta iya wani ba. In an yi rasuwa a cikinmu, Kumanjayi take sawa a gurabe biyun, layin kwamfutar ya kwanta a ƙasa, Tamsin ba ta hana ta. Ana gaisawa da ita, ana ba ta abinci, ba wanda ya kore ta daga ko'ina. Duk Juma'a takan je ta zauna a bakin murhun Inna, amma ba kafaɗa da kafaɗa ba.

Kwanan baya wata jimina ta shiga filin jirgin garin ta hana jirgin likita sauka. Lorna ta ba inji abin da yake so, sannan ta ƙulla wani a ranta irin na da, ta riƙo shi har gida. Bayan an zuba shayi ta gyara murya ta ce, kamar da iska take magana, "Jimina ta karɓi aikin filin jirgi, ta ce likita ya dawo gobe."

Coral ta tuntsire har shayi ya fito mata ta hanci. Gefen bakin Inna ya motsa, kowa ya gani. Lorna ta kasa kunne tana jiran kalma ukun nan na da: wannan naki ne.

Tsohuwar ta kurɓi shayinta, ta juya makafin idanunta wajen Coral. Ta ce, "Tambayi mai jarida ko ta ƙoshi. Rana ta yi, kada a neme ta a ofis."